Duba Maɓallin Rigarka Kafin Ka Yi Dariya

Hirar mota a lokacin ɗari tasha uku gare ta, kuma duk wanda ya taɓa shiga diznef daga Dakoro zuwa Maraɗi da sanyin asuba ya san su. Ta farko hanya ce: ramuka, kuɗin mota, shingen jandarma, direban da ya cika gudu. Ta biyu ɗarin kansa: bana ya fi bara, a'a bara ya fi bana, wane ya kwana da kaskon wuta a ɗaki har ya kusa ƙone katifa. Kafin a kai Kornaka waɗannan biyun sun ƙare, baki kuwa bai gaji ba. Sai a shiga tasha ta uku, inda ake cin naman mutum. A waiga cikin mota ko a leƙa ta taga, a nemo wanda shigarsa ko muryarsa ko takunsa bai yi daidai da abin da ido ya saba gani ba. Sai wani ya jefo tambayar nan da muka haddace tun muna yara: "Wai wanga namiji ne ko mace?" Mota ta kwashe da dariya.

Da wannan tambayar nake faɗa, kuma da ku nake, ƴan uwana ɗalibai, ƴan kwaleji da ƴan lise da ku da kuke dawowa hutu daga jami'a. Mu muka fi kowa yin ta, a mota, a fada wurin shan shayi, a ƙofar lakwal. Tsoho in ya ga abin da bai yi masa ba, yakan yi tsaki ya kau da kai. Mu kuwa sai mun yi wa abin kiɗa, mun fito da waya.

Mu fara da rigar da ke jikinka yanzu haka, in cikin hunturu kake karanta wannan takarda. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa takan sauko mana da ɗarin da ke sa dare ya yi ƙasa da digiri 15, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, alwala ta zama jarrabawa. Babu masaƙar da ke yi mana rigar sanyi a ƙasar nan. Abin da ke rufa mana asiri shi ne gwanjo, kayan da mutanen Turai da Amurka da Asiya suka sa suka gaji, aka ɗaure su dila-dila aka zuba a jirgin ruwa. Da can ta Kwatano yawancinsu ke shigowa. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, hanyar Lome ta Burkina ce ta ɗauki nauyin, wasu kuma daga Ƙofar Wambai ta Kano suke haurowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Kafin dila ta iso kasuwar Dakoro an tsince na kirki a Maraɗi. Abin da ya rage shi ake zubewa a kan tabarma, kowa ya durƙusa ya zaɓa, kuma tambaya biyu kawai ake yi: yana da kauri? Nawa ne?

To ga abin da ɗan gwanjo ba ya gaya maka. A ɗinkin Turawa, rigar namiji maɓallanta a ɓangaren dama suke, ta mace kuwa a hagu. Tsohuwar ƙa'ida ce a wurin telolinsu, har yau suna bin ta a yawancin kwat da taguwa. Sa hannu ka shafa. In ka ji maɓallan a hagu, barka da shiga kayan mata. Ka ƙara dubawa: in kwat ɗin ya matse a ƙugu ya buɗe a ƙasa, in kafaɗarsa ta yi maka ƙunci, in an yi masa tattara a wajen ƙirji, wata Baturiya ce ta yi yayinsa kafin kai. Ku tsaya a bakin tasha da safe ku ƙirga da idonku. Za ku ga dattijo mai furfura, carbi a hannu, cikin dogon kwat mai gashi a wuya, irin wanda tsofaffin mata ke sawa zuwa coci a ƙasashen ƙanƙara. Za ku ga ɗan kabu-kabu, ƙato mai murya kamar ganga, da hula ruwan hoda mai tuntu da safar hannu mai hoton fure. Za ku ga ƴan mata sun zura wandon ƙwallon yayyensu a ƙarƙashin zane, sun ɗora buluzon ɗin maza a kan hijabi. Babu wanda ya ce sun yi saɓo, babu wanda ya ɗauke su hoto, kuma daidai ne da ba a yi ba. Ɗari ne, talauci ne, kowa ya rufe jikinsa da abin da jikka ɗaya ko biyu ta iya saya.

Ke nan wata uku cur a kowace shekara rabin garin nan yana yawo cikin kayan da ba na jinsinsa ba, sama ba ta faɗo ba. To me ya sa sai a kan mutum ɗaya tak za mu tashi mu zama masu gadin iyaka tsakanin maza da mata?

Bari in ba ku abin da na gani da idona a hutun Disamba, a wata motar haya da ba zan faɗi ta wane ba. Wani saurayi ne, bai fi shekara ashirin ba, yana zaune a baya kusa da tagar da gilashinta ya fashe. Ya naɗe kansa da kunnuwansa da gyale saboda iska, ga dogon kwat, ga manyan kuloli biyu na abinci a kan cinyarsa. Babu wanda ya kula da shi sai da karen mota ya nemi kuɗi ya amsa. Muryar ce siririya, hannun kuma ya ɗan karya shi wurin miƙa kuɗin. Shi ke nan. Wasu ɗalibai biyu a gabansa suka fara zunguri juna. Ɗaya ya ce, "Hajiya, a gyara mana kulolin mana." Ɗayan ya ce, "Wace Hajiya, ba ka ga gashin baki ba?" Aka yi dariya. Sai na farkon ya ɗaga waya kamar mai duba fuskarsa, alhali na baya yake ɗauka.

Wata tsohuwa ce ta katse abin. Ta ce, "Kai ɗana, aje wayar ga. Ɗan wata ne, kamar yadda kake ɗan wata." Ya ce, "Inna, ai wasa ne." Ta ce, "Shi ka ga yana dariya?"

Mai wayar nan kwat ja ne a jikinsa, mai ɗamara a ƙugu, maɓallai a jere a hagu. Da na nuna masa, sai ya ce, "Kai kamarad, wannan ai don ɗari ne." Ita ce amsar da bai yarda ya ba na bayansa ba. Saurayin kuwa kuɗin Maraɗi ya biya, amma a wani ƙauye a kan hanya ya ƙwanƙwasa mota ya sauka da kulolinsa, cikin wannan iska, ya tsaya jiran wata motar da zai sake biya. A aljihunsa wasan namu ya ƙare.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a Dakoro muke wannan. Da a wani gari ne da bai taɓa ganin baƙo ba, da sai in ce rashin sani ne. Amma mu a bakin Tarka muke, inda gona ke ƙarewa makiyaya ta fara, kuma kowace ranar kasuwa Allah yana kawo mana darasi har gida. Ga Buzu ya sauko daga raƙumi, ya naɗe fuska ba ka ganin komai sai ido. A wurinsu namiji ne ke rufe baki da hanci, mace kuwa fuskarta a buɗe, kuma in namiji ya sauke amawali gaban surukinsa ya yi abin kunya. A wasu ƙasashen Larabawa akasin haka ne. Ga kuma Woɗaaɓe daga wajen Bermo. Samarinsu suna kitso, suna rataya madubi, kuma in damina ta ƙare aka zo Gerewol sai su shafe fuska da jar ƙasa ko rawaya, su baƙanta leɓe, su zizara kwalli, su jeru suna fari da ido suna nuna haƙora, ƴan mata su zo su zaɓi wanda ya fi kyau. Turawa sun sha biyan miliyoyi su zo kallo, hotunan suna cikin takardun tallan yawon buɗe ido na ƙasarmu. Waɗannan samarin su ne ke bin shanu ɗaruruwan kilomita da ƙafa, su kwana a daji da sanda da takobi. Wanda ya isa ya je ya tambayi ɗayansu ko shi namiji ne.

Mu Hausawa ma mun manta namu. Kakanninmu maza suna sa kwalli, wasu har yau, kuma malamai sun ce sunna ne. A al'adar aure ta dā ango ma ana sa shi a lalle. Alhajin da ya fi kowa gemu, in ya isa miƙati, mayafi biyu yake ɗaurawa, ɗaya a ƙugu kamar zane. A Yaman da Somaliya maza da zane suke zuwa kasuwa. Su kuma Faransawan da muke karatu da harshensu, a shekarar 1800 ƴan sandan Paris suka kafa dokar cewa duk macen da ke son sa wando sai ta nemi izini a rubuce, kuma sai a 2013 gwamnatinsu ta fito ta ce dokar ba ta da sauran aiki. A Sudan, a 2009, an kama ƴar jarida Lubna Husaini aka gurfanar da ita don ta sa wando. Bayan shekara goma, a 2019, aka soke dokar da ake kama mata da ita a kan titi. Tufa kowace ƙasa da inda ta ja layinta, kowane zamani kuma yana matsar da layin.

Na san abin da wani yake faɗa a ransa tun ɗazu: "Kai malam, kada ka ruɗa mu da gwanjo. Ba kwat muke magana ba, ɗan daudu muke magana, kuma akwai hadisi." Gaskiya ne akwai. Yana cikin Buhari, daga Ibnu Abbas, a kan maza masu kwaikwayon mata da mata masu kwaikwayon maza, kuma ban zo in goge shi ba. Amma tunda ka ɗauko littafi, zauna mu karanta har ƙarshe, kada ka tsaya inda ya yi maka daɗi. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba abin gida biyu: akwai wanda haka aka halicce shi, da laushin murya da laushin gaɓɓai, bai ƙirƙira ba, wannan babu zargi a kansa, akwai kuma wanda ya ɗora wa kansa da gangan. To kai da ka ga mutum minti goma a cikin mota, ta bayan ƙeya, da wane awo ka gane ko wanne ne? Sannan ka buɗe Suratul Hujurati, aya ta 11 da ta 12. A wuri guda aka hana izgili, aka hana jifa da laƙabi, aka hana yawan zato, aka hana bin diddigi, aka hana giba. Biyar ɗin nan kaf muna aikata su kafin a kai Sabon Mashi, sa'an nan mu sauka muna jin mu ne muka tsare addini.

Wani abin kuma, mun tara abubuwa huɗu mun cusa a buhu ɗaya. Akwai mata-maza, wanda aka haifa da halittar da ba ta fito sarai ba. Wannan likita ya san shi, fiƙihu ma ya san shi tun kafin a haifi kakan likitan. Muhtasar na Shehu Halilu, littafin ƙarni na 14 da malamanmu na zaure ke taƙama da sauke shi, da mas'alar gadon irin wannan mutum ya rufe: in an kasa tantancewa, a ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Ku lura, zama aka yi aka yi lissafi don kada a ci masa haƙƙi ko na dala ɗaya. Akwai ɗan daudu, wanda ya daɗe a ƙasar Hausa, sananne a tasha da kasuwa da gidan biki, mai tuya da dahuwa da iya magana. Wani Ba'amurke mai suna Rudolf Gaudio ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a 2009, kuma abin da ya tarar mu ma mun san shi: da yawansu suna da mata da ƴaƴa, suna salla, wasu sun sauke farali. Akwai wanda yake jin jinsin da aka haife shi da shi ba nasa ba ne, har ya nemi sauya suna ko shiga ko jiki, wanda ake kira mai sauya jinsi. Akwai kuma luwaɗi, wanda aiki ne, kuma ko a gaban alƙali ba a tabbatar da shi da kallon tafiyar mutum. Bayan waɗannan huɗun ga na biyar, wanda ya fi su yawa nesa ba kusa ba: yaron da kawai muryarsa ba ta buɗe ba, yarinyar da Allah ya ba faɗin kafaɗa da gashi a haɓa, mutumin da ɗari ya sa ya yafa gyalen yayarsa. Duk mun haɗa, mun ba su suna ɗaya, dariya ɗaya.

Shi kansa batun sauya jinsi, wanda muke yanke wa hukunci tsakanin kofin shayi na farko da na biyu, manyan ƙasashen Musulmi sun sha wuya a kansa. A Masar, a 1988, wani ɗalibin likitanci na jami'ar Azhar ya yi aikin sauya jinsi ya koma Sali. Sai da maganar ta kai gaban ƙungiyar likitoci, ta kai gaban Muftin ƙasa Sayyid Ɗanɗawi, ta kai kotu, aka yi shekaru ana ja. A Pakistan majalisa ta yi doka a 2018 ta ba irin waɗannan mutane kariya, a 2023 kotun shari'a ta ƙasar ta soke wasu sassan dokar. Kowa yana iya riƙe ra'ayinsa a kan wanda ya yi daidai a cikinsu, ni ma ina da nawa. Amma ku dubi su waye suka yi ta gardamar: muftai, alƙalai, likitoci, da littattafai a gabansu. Wani zai ce ai mu ma hukumarmu ta hana. To hukuma tana da alƙalinta da jandarmanta da ƙa'idar shaida. Ban ji ranar da aka naɗa fasinjan kujerar tsakiya ya zama mai bincike ba.

Kuma wa muke yi wa? Nan ne asirinmu ke tonuwa. Ɗan wani babban ɗan kasuwa ya dawo daga waje da matsattsen wando da sarƙa a wuya da turaren da ya fi na amarya, sai mu ce gaye ne, mu nemi lambarsa. Mawaƙin da muke bi a TikTok ya sha hoda da jan baki kafin ya hau kyamara, mu ce sana'a ce. Wanda muke tasa wa a gaba kullum shi ne mai kuloli a cinya, wanda ya bar garinsu don ba shi da wurin zama a can, wanda in an mare shi babu wan da zai zo ya tambaya. Mun san ba zai rama ba, shi ya sa. Kuma mu ɗin nan, in mota ta tsaya a tasha yunwa ta taso, layi muke yi gaban tukunyarsa, don mun san miyarsa ta fi ta kowa. Mu cinye, mu suɗe hannu, mu koma mota mu ci gaba da kwaikwayon muryarsa.

Da a mota abin ke tsayawa da da sauƙi. A zamanin iyayenmu, in an yi wa mutum dariya a hanya, yana sauka maganar ta bi iska. Yanzu sakan goma sha biyar na bidiyo ya isa. Kafin ya kai inda za shi, fuskarsa ta riga shi zuwa: tana rukunin WhatsApp na ajinku, ta tsallaka na unguwa, wani ya ɗora mata waƙa, wani ya rubuta sunan garinsu. Gobe mai gidan da yake haya ya ce ya kwashe kayansa. Jibi masu sayen abincinsa su janye, don kada a gan su. Ƙanwarsa da ake neman aure, dangin saurayin su ce a dakata. Kai da ka ɗauka ka manta tun a daren, kana can kana haddar darasin falsafa a kan ƴancin ɗan Adam don jarrabawar bak. In tausayi bai hana ka ba, ko tsoro ya hana ka: ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a kan zagi da ɓata suna ta waya. Yadda ake amfani da dokar nan a kan ƴan jarida wata magana ce daban, da bakina a kanta, amma rubutunta ya hau kanka daram.

Masu cewa baki ne kawai, su tambayi manyansu abin da ya faru a Maraɗi a watan Nuwamban 2000. A Yamai Alphadi ya shirya bikin nuna tufafi na FIMA, nisan fiye da kilomita 600 daga nan. Aka yi ta wa'azi da hira a kan shigar matan da za su hau dandali, har zuciya ta kawo wuya. Da abin ya fashe a Maraɗi, masu zanga-zangar ba su ga Alphadi ba, ba su ga ko mace ɗaya daga cikin masu nunin ba. Waɗanda ke kusa suka samu: aka ƙone mashaya da rumfunan caca, aka afka wa gidajen mata masu zaman kansu, aka kai wa gidan Iya hari, aka taɓa coci. An bar jaki an daki taiki. Waɗanda suka ɗauki ashana a ranar matasa ne kamarmu, kuma ba a ranar suka koyi cewa akwai mutanen da taɓa su ba laifi ba ne. A hira suka koya, a hankali, shekara da shekaru. A Abuja kuma, a watan Agustan 2024, an tsinci gawar wani sananne a TikTok da ake kira Abuja Area Mama, mai shigar mata, yashe a bakin titi. Ko me kake gani game da rayuwarsa, rai ne aka kashe ba tare da alƙali ba.

Ga wani abin da ya kamata ya tsaya mana a maƙogwaro. Aminatu Seyni, ƴar ƙasarmu, ta yi gudun mita 400 cikin sakan 49.19 a 2019, tana cikin mata mafiya sauri a duniya a wannan shekarar. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ce sinadarin da ke jininta, wanda aka haife ta da shi, ya wuce ƙa'idarsu, aka hana ta wannan tseren. Ta koma mita 200, ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022 a Amurka, da tutarmu a ƙirjinta. Mun ji zafi, mun ce zalunci ne, mun ce don baƙar fata ce. Haka a wasannin Olamfik na Paris a 2024, da manyan mutane a Turai da Amurka suka yi ta kiran ƴar damben Aljeriya Iman Khalif namiji, matasanmu sun cika Facebook da kare ta, da ta ci zinare muka yi murna kamar ƴar unguwarmu. To wace tambaya aka yi wa waɗannan mata biyu? Ita ce dai tamu ta cikin diznef, an fassara ta da Turanci. In Aminatu ta shigo motar Dakoro da buluzon da hular sanyi, ba wanda ya gane ta, na rantse da mun yi mata abin da muka zagi Turawa a kansa.

Ban ce ka yi abota da kowa ba. Ban ce ka sauya abin da ka yi imani da shi ba. In kana ganin ɗan uwanka yana kan kuskure kuma da gaske tsoron Allah ne ya dame ka, hanyar nasiha sananniya ce: kai da shi, a asirce, da murya ƙasa, bayan ka san sunansa ka san abin da ya ci jiya. Wanda bai iya wannan ba, shiru bai fi ƙarfinsa ba. In kuma na kusa da kai ne ya ɗaga waya, dafa hannunsa ka ce, "Haba abokina, bari." Sau da yawa mutum ɗaya ake jira, don rabin masu dariyar ma ba daɗinta suke ji ba, tsoro suke kada a ce su ma ƴan ciki ne. Wannan tsoron na san shi, zai bi wannan takardar ma. Gobe a fada wani zai ce, "Me ya dame shi da su, ko dai…?" Ya faɗa. Irin tambayar ce dai, an sake mata riga.

In kuma hira ce ta ƙare muku a tasha ta biyu, ɗarin bai ƙare ba, akwai sauran magana a cikinsa. Ku zaga bayan tasha da kasuwa bayan sallar isha ku ga inda almajirai ke kwana, yara ƴan shekara bakwai da takwas, biyar a ƙarƙashin buhu ɗaya, suna ƙona kwali da roba suna shaƙar hayaƙin. Ku tambayi ƴan ƙauyen da ke karatu a kwaleji suna zaune gidan mutane, nawa ne a cikinsu ke da bargo. A wannan watannin ne tari da ciwon haƙarƙari ke cika asibiti da ƙananan yara, kuma da iskar nan mai ƙura ce sanƙarau ke fara shigowa. Ina ba ƙungiyarmu shawara, kafin bugu na gaba na wannan ɗan littafi, kowane aji ya aje buhu ɗaya a bayan ƙofa. Duk mai rigar sanyin da ta yi masa kaɗan, ko hula, ko safa, ya jefa a ciki. Ranar Alhamis da yamma, da yake almajirai ba su da karatu, mu raba kanmu unguwa-unguwa mu kai wa malamansu, a rarraba gwargwadon tsawon yaro.